Yini Ɗaya Cikin Birnin Zariya

Ran wata Asabar muka ɗebi 'yan makarantarmu muka nufi Birnin Zariya. Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Doka. Da muka nutsa cikin unguwanni sai yara suka yi tsit, gama ba su taɓa ganin gidaje manne da juna haka ba. Wani lungun, in mai garuwa ya taho, sai kowa ya raɓe jikin bango.

Birnin nan tsoho ne, ganuwa ta kewaye shi tun kafin Malam Musa ya ci garin a 1808. Masallacin Juma'a da ke kusa da fada kuwa, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu.

Amma abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne zaman mutanen. Daga Kwarbai har Unguwar Juma, kusan kowane gida da zaurensa. Nan maigida ke karɓar baƙi, nan malam ke biya wa almajirai karatu, nan maɗinka ke duƙufa bisa aska takwas. Baƙo ba ya wuce zaure sai da izini. A wani lungu mun tarar da zaman makoki, an shimfiɗa tabarmi har ƙofar maƙwabta. Wani mai babur ya iso, ya kashe inji, ya yi gaisuwa, kana ya tura abinsa ya wuce.

Sai dai akwai abin damuwa. Gidan da kaka ya bari, yau jikoki sun raba shi ɗaki-ɗaki, har wani zauren ya koma kanti. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina, ga shi ana cike su da shara ana gini a kai. Ruwa fa ba ya manta hanyarsa.

A hanyar komawa wani yaro ya ce, "Malam, yaya mutane da yawa haka ba su faɗa kullum?" Muka ce masa ko a Tokiyo ta ƙasar Japan, inda jama'a ta fi nan cunkushewa, ladabi ne ke riƙe da su. To, masu karatu, in wuri ya yi mana ƙunci, kada mu bar sallama da haƙuri su ƙuntata tare da shi.