Zanen taya ya ruɗe ni

Bara da sanyi na sayi tayoyin gwanjo guda biyu a Maraɗi, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Zanensu da zurfi, kuɗinsu bai kai rabin na sababbi ba. Na koma gida ina murna.

A watan Afrilu, muna hanyar Damagaram da iyali, ɗaya ta fashe kusa da Tasawa. Allah ya kiyaye, ba gudu nake ba.

Mai faci ya juya ta ya ce: "Malam, ai wannan tayar ƙanƙara ce." Ya nuna mini hoton dutse mai kai uku da alamar dusar ƙanƙara a ciki. Turawa suna sa irinta idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Robarta laushi gare ta, a kwaltarmu da zafi ke wuce digiri 40 cinyewa take yi da sauri. Lambar 2314 da ke bayan DOT kuwa tana nufin mako na 23 na shekarar 2014. Tsohuwa ce.

Har girman ma na kuskure: motata 185/65 R15 take so, na ɗauko 195/65 R15, wadda ta ɗara tsayi da milimita 13.

Kullum ina cewa ɗalibai su karanta tambaya kafin su amsa, ni kuwa ban karanta gefen tayar da ke ɗauke da ƴaƴana ba. Yanzu sai na durƙusa na duba alama, shekara da girma kafin mu fara ciniki.