Mazari Ya Juya a Hannuna a Kwadaso

Jama'a, na kaɗa zare! Ni da hannuna, daga auduga mai angurya har ya zama abin da za a iya naɗewa. A Zangon Kumasi na girma, kuma a sanina zare abu ne da ake saya a ƙulle a Kejetia, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Wata ƙawata ce ta ja ni zuwa wata rumfar masaƙa a Kwadaso, ba nisa da inda manyan motoci ke sauke albasar Nijar. 'Yan Arewacin Gana ne suka haɗa kai, suna haɗa kuɗin zare, suna karɓar almajirai, wani dattijo Bahaushe yana shugabantarsu. Tun daga bakin hanya ake jin ƙarar ƙoshiya, kat-kat, kat-kat. Ni masaƙar na nufa kai tsaye, sai wata tsohuwa da ke zaune a tabarma ta ce, "Ke 'yata, ina za ki? Zo nan tukuna. Me za ki saƙa, iska?"

Na durƙusa na gaishe ta. "Mma, koyo na zo."

Ta miƙo mini ƙarfe siriri da dutse mai faɗi, wai in gurza. Ana danna ƙarfen a kan audugar a mirgina, angurya ta riƙa tsalle tana fita ta gaba. Daga nan shiɓa: ƙaramin baka, a ja tsirkiya a sake cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, a naɗe ta sutu. Sannan mazari. Tsinke ne kawai da dunƙulen yumɓu a gindinsa, amma a nan duk sirrin yake. Mma ta shafa alli a yatsu, ta kafa gindinsa a 'yar ƙwarya, ta murza, hannun hagu yana ɗaga sutu sama a hankali, sai ga zare yana tsirowa tamkar gizo-gizo ne ke sakinsa. Gashin auduga gajere ne ƙwarai, in ka ja shi rabuwa yake yi. Murɗawar ce ke sa kowane sili ya kama ɗan'uwansa. In ta yi kaɗan ya tsinke, in ta yi yawa ya ƙudundune. Da nawa ya kama, ya miƙe kamu ɗaya bai yanke ba, ihu na yi har masaƙa suka waiwayo suna dariya.

Sai da la'asar Baba, dattijon nan, ya yarda na zauna a masaƙa. An riga an yi wadari, zaren tsaye ya miƙe can tsakar fili, an ɗaure shi a kunkuru da dutse a kai. Ka taka da dama, allira ta buɗe baki, ka jefa ƙoshiya, ka buga. Ka taka da hagu, ka dawo da ita. Faɗin ƙyallen bai wuce tafin hannu ba, irin wanda ake jerawa a ɗinka fugu, rigar da Kwame Nkrumah ya sa a daren 6 ga Maris 1957 da ya shelanta 'yancin Gana. Na roƙa a sa mini nawa zaren a kwarkwaro. Aikin da na yi tun hantsi, kafin in gyara zama ƙoshiya ta cinye shi tas!

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Masaƙi ɗaya sai mata da yawa sun yi masa kaɗi kafin ya wadatu. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya yaba tufafinta da ke kaiwa har Timbuktu, ana ambaton marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura, ana ba da labarin fataken da suka kai tufafi Salaga suka komo da goro, waɗanda da yawansu suka gangaro Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. To, wa ya kaɗa zaren duk wannan? Mata ne a cikin gida, tsakanin daka da girki, ba wanda ya rubuta sunansu. A ganina su ne rabin arzikin Kano na wancan zamani.

Yau kusan duk zaren rumfar nan na kamfani ne, kuma ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran mazari. Ko a Bonwire, garin kente, saƙar da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2024, zaren kanti ake saƙawa. Daboya, can bakin Farin Volta, na cikin wuraren da har yanzu ake samun zaren hannu rinin baba.

Baba ya murza nawa tsakanin yatsu ya ce, "Wannan abawa ce, 'yata, ta gwado. Zaren tsaye sai kin ƙara murɗi." Mma ta ce ya ƙyale ni, ta cusa mini auduga cike da leda, wai in gurje ta kafin Asabar.