Kafin ka kai laftof ɗinka Computer Village a ƙara maka RAM, karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Agege da ke karatun kwamfuta a LASU, Yabatech da sauransu. Lokacin furojet ya zo, kuma na san da yawanmu laftof ɗin tokunbo ne mai RAM giga 4 a hannunmu. Akwai abin da nake so mu gane kafin wani ya ci bashi a banza.

A cikin waɗanda muke karatu tare akwai wani ƙanenmu da furojet ɗinsa ƙirga kalmomin Hausa ne. Ya tara rubutu kusan giga 1 a fayil guda. Duk sanda ya loda shi a Python sai laftof ta sandare, daga baya ta jefo masa MemoryError. Ya riga ya yanke shawarar shiga mota zuwa Ikeja ya sayo RAM da kuɗin da aka ware masa na buga furojet. Da muka zauna muka duba, ashe matsalar ba ta injin ba ce, yadda yake karanta fayil ɗin ne.

Fayil a kan faifai bayit-bayit ne kawai. A tsarin UTF-8, harafi irin a, b, k bayit ɗaya yake ci, amma namu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, kowanne bayit biyu. Alamar ₦ ma uku take ci. To idan ka kira read ka kwashe fayil gaba ɗaya, giga 1 ya shiga RAM. Ka kira decode don ya zama rubutu, Python zai gina sabon kwafi alhali na farkon yana nan zaune.

A nan ne Hausa ke da nata labarin. Tun Python 3.3 da ya fito a 2012, faɗin da kowane harafi ke ci a cikin rubutu ya danganta ne ga harafi mafi girman lamba da ke ciki. In duk haruffan suna cikin 256 na farko a jerin Unicode, bayit ɗaya-ɗaya ne. Amma ƙ, ɗ da ɓ duk sun wuce nan. Ƙ guda ɗaya tak ta isa ta sa kowane harafi a rubutun ya koma bayit biyu. Giga 1 ɗinka ya zama kusan 2, haɗa da na farko, 3 ke nan, ga Windows da burauza sun riga sun ci nasu kason. In kuma rubutun daga Facebook ka kwaso, emoji ɗaya ya faɗo ciki, kowane harafi bayit huɗu ne. Wallahi ko giga 8 sai ta yi nishi.

Masu Node.js kuma ku sani, ko RAM ɗinku nawa ne, rubutu guda ba ya wuce haruffa kusan miliyan 536. Wannan iyaka ce ta injin V8, kuɗi ba ya cire ta.

Dabaru biyu nake jin ana ba wa juna a hostal, kuma duka biyun ɓarna ne. Ta farko, wai a goge lanƙwasa, ƙ ta koma k. Haba malam! Ka haɗe ƙasa da kasa, baƙi da baki, ƙura da kura, sannan ka tsaya gaban malamai ranar difens ka ce ka ƙirga kalmomin Hausa? Ta biyu, a yanka fayil gunduwa-gunduwa da adadin bayit, a juya kowace gunduwa daban. Wuƙar tana iya faɗawa tsakiyar ƙ, bayit ɗaya nan, ɗaya can. Python zai yi ƙorafi, sai mutum ya sa masa ignore don ya yi shiru. Shiru kuwa zai yi, amma harafin ya tafi, ƙasa ta koma asa, kai ba ka sani ba.

Hanyar da ta dace ba ta da tsada. Buɗe fayil ɗin da open, ka faɗa masa UTF-8 ne, ka bi shi layi-layi, ka ƙirga, ka wuce. Layi ɗaya kawai ke zama a RAM a lokaci guda, kuma Python da kansa yake kula kada harafi ya rabe. In fayil ɗin ba shi da layuka, akwai getincrementaldecoder a cikin codecs, a Node.js kuma StringDecoder. Aikinsu riƙe rabin harafin har gunduwa ta gaba ta iso. Sakamakon ma ka riƙa rubuta shi a faifai kana tafiya, saboda in NEPA sun ɗauke wuta batir ya mutu, ba daga farko za ka koma ba.

Yawancinmu iyayenmu da guminsu a kasuwa da mayanka ta Oko-Oba suka saya mana injinan nan. Kafin ka ce musu ta yi ƙarama, ka tabbatar ba kai ne ke ɗora mata buhu guda a ka ba, alhali mudu-mudu za ta iya kwashe shi.

Duk wanda nasa ya maƙale, ya rubuto girman fayil da saƙon da ya fito masa, mu duba tare. Allah ya ba mu sa'ar difens.