Ƙafa Uku a Bakin Tur'a

Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Daga Wad Madani zuwa Sinnar, ta kan Hajj Abdalla, abin da ido ya fi gani shi ne gonaki da magudanan ruwa da aka tsaga a miƙe bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Noman audugar da ya biyo bayan madatsar ya tsayar da Hausawa da yawa da suka fito da niyyar Makka, kamar yadda hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 ta haifi garin Mai Wurno, kudu da Sinnar. Jikokinsu ne a ƙauyukan nan. Suna jin Hausa a gida da Larabci a kasuwa, shi ya sa babbar magudana take tur'a a bakinsu, gonar mutum kuma hawasha.

A cikinsu akwai wani malamin lissafi da sha'awar ɗaukar hoto ta kama. Bai taɓa karɓar kuɗin kowa a kai ba. Kyamararsa ta hannu ce, wani ɗan'uwa ya aiko masa daga Jidda, kuma da ita ya fara gane cewa hasken ƙasarsa abokin gaba ne. Da tsakar rana, dattijo cikin farar jallabiya da rawani yakan rikita kyamara: in ta auna farin tufa, fuska ta duhunce; in ta auna fuska, tufar ta ƙone, babu sauran ninki ko ɗinki da za a gani. Saboda haka ya mai da aikinsa zuwa bayan asuba da kuma tsakanin la'asar sakaliya da magariba, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana fito da tsagar fuska da kunyoyin gona.

Sai dai mai laushin haske ƙarancinsa ne aibinsa. Idon kyamara yana buɗewa ya rufe cikin ƙiftawa, kuma gwargwadon ƙarancin haske, gwargwadon daɗewar da zai yi a buɗe. Hannun ɗan Adam kan iya riƙe kyamara ba rawa in ƙiftawar ta kai kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. Da ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin 15, numfashi kansa ya isa ya dama hoton. A nan ne madogarin nan mai ƙafafu uku yake shigowa. Hausa ba ta tsayar masa da suna ɗaya ba. Malamin yana ce masa ƙafa-uku, sunan kuma ya dace, domin hikimarsa ita ce ta murhu: duwatsu uku sukan zauna daram a ƙasar da huɗu za su yi tangaɗi.

Ƙasar Jazira kuwa tana gwada wannan hikima. Baƙar laka ce da ke dardarewa da rani har ƙafar madogari ta zurma cikin tsaga, da damina kuma ta zama taɓo mai riƙe takalmi. Malamin yana yawo da ƙananan katakai uku a jaka don ya shimfiɗa wa ƙafafun. Ba ya ɗaga sandar tsakiya sai dole, domin ita ce ke fara rawa in iska ta taso. Yakan rataya jakarsa a ƙarƙashi ta ƙara nauyi, ya saita kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ya danna, don girgizar yatsa ta lafa. Ranar da bai fito da ƙafa-uku ba, safa ce cike da wake yake ɗorawa a kan katanga ko bayan amalanke, ya kwantar da kyamarar a kai. Masu sayen kyamara mai tsada su haɗa ta da madogari na roba sun juya lissafi. Ƙusar da ke haɗa su, mai kaurin rubu'in inci, iri ɗaya ce a kusan kowace ƙaramar kyamara, don haka madogari mai kyau yakan ga ƙarshen kyamara uku.

Akwai wani amfani da littattafan koyarwa ba su cika ambata ba. Wanda ya kafa ƙafa-uku ba ya satar hoto. Kafin ya daidaita ƙafafun an gaisa, an tambayi gida da iyali, tsoho ya gyara rawani, wadda ba ta so kuma ta ja mayafi ta kauce. Kyamarar da ke tsaye da kanta tana sakin fuskar mai ita, ya dubi mutum ido da ido yana cewa, "Baba, a ɗan ɗago kai." Hotunan dattawan da ya ɗauka haka sun fi sauran natsuwa nesa ba kusa ba.

Maganar ƙura gajera ce. In habub ya taso, kyamara ta koma jaka. Ba a kuma canza mata ido a fili ko da sama ta yi garau.

Rabin aikin da dare ake yin sa, in sola ta yi caji. Yakan kwashe abin da ke cikin memori zuwa kwamfuta, ya sake kwafa a wani wuri na biyu, sannan ya zubar da mafi yawa. Waɗanda suka tsira sai ya raɗa musu suna: kwanan wata, ƙauye, sunan mutum da na mahaifinsa da na kakansa, in kuma tsohon ya tuna, har garin da kakan ya baro, Kano ko Haɗeja ko Sakkwato. Da baƙaƙen Larabci yake rubutawa, domin da su ya yi karatu, boko kuwa baƙo ne a makarantun Sudan. Mai nazarin harshe zai lura da abu biyu a nan. Har yau Bahaushe cewa yake a wanke hoto, alhali ruwa ya daina taɓa shi. Kuma in ya ce wani abu hoto ne kawai, yana nufin siffa ce ba ta da komai a ciki. Hoton da ya rabu da sunan mai shi hakan yake komawa cikin shekaru kaɗan.

Intanet ita ce ta fi saurin raba su. WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa, ya kuma share bayanan da kyamara ta binne a cikinsa, kamar rana da sa'a. Kowane turi daga waya zuwa waya yana iya barin rubutun da ke ƙasa a baya. Don haka hanya biyu malamin yake bi: ƙaramin kwafi ga zauren dangi da Facebook, da sunan a rubuce a gefen hoton kansa, cikakken kwafi kuma a matsayin fayil, ga mutum biyu da ya amince da su a ƙasashen waje, duk da cin data. Hoton mace ba ya fita sai da izininta, in ya fita ma dangi kaɗai yake zuwa.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso Jazira a Disamba, lokacin da Wad Madani ta faɗi. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, aka koma biyan kuɗi don a zauna kusa da na'urar Starlink. A shingayen hanya ana buɗe wayoyin mutane, hoton gada ko na tur'a ma yana iya zama tuhuma. Mutane da yawa da hannunsu suka goge abin da suka tara. Malamin ya kashe alamar wuri a wayarsa, ya goge memori, ya fita da iyalinsa ba kwamfuta. Cikakkun kwafin da ya riƙa turawa Jidda da Kano su suka rage, kuma daga can ne jikokin wasu dattawan da suka rasu a hanyar gudun hijira suke roƙon a turo musu hoton kakansu, ana nemo shi da sunansa.

Ƙafa-ukun an bar shi a bayan ƙofa, domin daga nesa yana kama da abin da ba a son a gan shi a hannun mutum. A inda yake zaune yanzu, da waya yake ɗauka, yana jingina ta da safar wake a kan katanga.