Haruffa uku a gefen shafi

Har yau idan na ji ƙamshin tsohuwar takarda, sai hankalina ya koma Edinbara, wurin tsohuwar da na yi haya a gidanta lokacin da nake karatu. Inna nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa hana ni ba. Wata safiya mai sanyin tsiya ta ce, "Ɗana, idanuna sun gaji. Zo ka raka ni mu nemo kakata."

Muka tafi New Register House, inda ake ajiye rajistar ƙasar Sikotlan wadda ta faro daga 1855. Kundaye ne jere hawa biyar a ƙarƙashin wata ƙubba: na haihuwa ja, na aure kore, na mutuwa baƙi. Ba a ba mu kundin a hannu ba, hoton shafin muka duba a na'ura.

Ga sunan kakar, an rubuta shi da kyakkyawan hannu. Wurin sunan uba kuwa wayam. Tun 1861 sukan sa rana da wurin da iyaye suka yi aure, nan ma babu komai. Uwarta 'yar aiki ce a gidan masu hali, ba ta iya rubutu ba, sai ta yi alamar X. A ƙarƙashin sunan jaririyar kuma magatakarda ya rubuta kalmar nan mai nufin an haife ta ba aure. Sai bayan 1918 aka daina sa ta. Na yi nauyin baki, domin na san yadda irin wannan kalma take bin mutum a garinmu har ranar neman aurensa, alhali ba shi ya yi laifin ba.

Inna ta ce, "Karanta mini, na daɗe da sani."

Ina cikin karantawa na hango haruffa uku a gefen shafin, RCE, da lambar kundi. Ma'aikaciyar wurin ta bayyana mana cewa ba a goge rajista, ba a kankare ta. In an sami gyara, a wani kundi dabam ake rubuta shi, a bar alama a gefe. Muka bi lambar. Ashe iyayen sun yi aure daga baya, kuma a dokar Sikotlan auren ya halatta yarinyar, abin da Ingila ba ta amince da shi ba sai 1926. Ga sunan uban ɓaro-ɓaro, maƙeri ne.

Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin na'urar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce kakar ta rasu tana jin kunyar wancan shafi na farko, ba ta taɓa ambaton ubanta ba.

Da muka fito ta saya mini shayi a titin Princes. Ta sa na rubuta mata sunan maƙerin da manyan baƙaƙe a bayan tikitin bas, ta ninke shi ta sa a jakarta.