Ranar da Bel Ya Tsinke a Yashe

Yashe gari ne a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, inda hanyar Funtuwa ta zo ta haɗu da ita. Nan ne ran nan da hantsi motar wani direba, Peugeot 406, ta mutu cike da fasinja. Ba hayaƙi, ba zafi, sai dai aka ji ƙas, inji ya yi tsit. Ya yi ta murza makulli, har ya sa yara suka tura. Ashe ɓarna yake ƙarawa.

Shi kuwa da 504 ya koyi tuƙi, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975. Ita sarƙa gare ta, in ta tsufa takan yi ta ƙara, mai mota ya farga. Amma 406 bel gare ta na roba mai haƙora, yana ɓoye cikin murfi, ba ya gargaɗi.

Da makanike ya kwance murfin, sai ya kaɗa kai, ya ce, "Maigida, taimin bel ne. Yaushe rabonka da sake shi?" Direba ya sunkuyar da kai, gama tun bara aka gaya masa, ya ce sai kaka.

Aikin bel ɗin nan shi ne daidaita bawul da fistan, kamar mata biyu masu daka a turmi guda: wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In ya tsinke, sai bawul su tsaya a buɗe, fistan kuwa ya taso da ƙarfinsa ya buge su, su lanƙwashe.

Aka ɗaga kan inji, aka tarar bawul da dama sun karkace, amma Allah ya kiyaye fistan bai fashe ba. Direba ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya sayo bawul da gasket da sabon bel, har da famfon ruwa, domin shi ma bel ɗin ke juya shi. Makanike ya yini yana wasa bawul a mazauninsu, sa'an nan ya daidaita alamun taimin, ya juya inji da hannu sau biyu kafin ya taɓa makulli.

Kwana huɗu mota ba aiki, kuɗin takin bana duk suka tafi. Da za su rabu, makanike ya ɗauki fenti ya rubuta lambar kilomita a jikin murfin. Direba ya karanta, ya kwafa cikin ɗan littafinsa.