Yadda Muka Raba Gidanmu da Kyankyaso

Ƴan'uwa masu karatu, bari mu yi zancen kyankyaso. Da yawa cikinmu ba su ɗauke shi bakin kome ba, don ba ya harbi kamar kunama. Amma ku dubi hanyarsa. Da rana yana ɓoye cikin salga. Da dare sai ya fito, ya hau ƙwaryar fura, ya bi ta kan ludayin yaro. Ƙazantar da ya taka can ita yake kawowa nan. Ta haka zawo da atuni ke kama ƴaƴanmu. Kashinsa kuma yana tayar wa mai ciwon fuka da ciwonsa.

A gidanmu mun rabu da shi, ko dala ba mu kashe ba. Ƙishirwa ta fi yunwa yi masa illa. Yana iya yin wata guda bai ci ba, amma in babu ruwa da wuya ya wuce kwana 7. Saboda haka muka fara daga gindin randa. Kowace yamma mai ɗakina tana share wurin, ta barbaɗa busasshiyar toka. Ba a kwana da kwanoni masu dauɗa. A wanke, a kife. Sauran tuwo kuwa a rufe shi sosai.

Na biyu, maɓoyarsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kyankyaso. Cikin tsaga yake ajiye jakar ƙwansa. Tana kama da ƙwayar wake, amma cikinta akwai ƙwai wajen 16. Na kwaɓa laka, na liƙe kowace tsaga. Jakar da muka gani, wuta muke jefa ta. Bakin salga na yi masa murfi. Wanda ya shiga ya zuba toka, ya rufe.

Na uku, tarko. Ka sami kwalba mai faɗin baki. Ka shafa man gyaɗa a bakinta daga ciki, ka jefa gutsuren ƙuli-ƙuli. Ka naɗa mata tsumma daga waje don ya ji daɗin hawa. In ya faɗa, santsi ba ya barinsa ya fito. Da safe ka zuba masa ruwan sabulu. Ta ƙananan ƙofofi a jikinsa yake numfashi, sabulu kuwa toshe su yake yi. Busasshen ganyen bedi muna sa shi cikin akwatin tufafi. Wannan kora yake yi, ba ya kisa.

Ina roƙonku abu guda. Kada ku fesa maganin auduga ko na wake cikin ɗaki. Wani maƙwabcina ya yi haka. Kajinsa suka ci matattun kyankyasai, suka mutu. Ƙaramin ɗansa ya kwana yana amai, sai da aka kai shi gidan likita. Maganin gona na gona ne.

Aikin nan yana son haƙuri. Ƙwan da ya ɓoye yakan yi kusan wata 2 kafin ya ƙyanƙyashe, don haka kada ku saki aiki da kun ga sauƙi. Ku gaya wa maƙwabta su ma su yi, domin kyankyaso bai san darni ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi ba mu lafiya, mu da iyalinmu.